Idan Baƙo Ya Zo Haɗeja, Me Za Mu Nuna Masa?

Mu uku ne 'yan Haɗeja a wurin aikinmu. Manhaja muke rubutawa, a Kano muke zaune, kamfanin kuwa ma'aikatansa na warwatse a ƙasashe, sai dai a haɗu ta intanet. Kowace safiya akwai ganawar bidiyo ta minti goma sha biyar, kowa ya faɗi inda ya kwana a aikinsa. Ranar 3 ga Oktoba wani abokin aikinmu ɗan Holand, mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa makara ba, aka neme shi aka rasa. Da ya dawo muka tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ai ran nan ba mai aiki a garinsu. Ya tashi da sassafe ya bi layin karɓar kifi da farin burodi kyauta, ya yini yana yawo a gari da 'ya'yansa.

Garin nasu shi ne Laidin, wanda su suke rubutawa Leiden. Labarin kifin da burodin kuwa ya haura shekara 450. Sojojin Sifaniya ne suka yi wa garin ƙawanya tun daga Oktoban 1573, suka ɗaga na ɗan lokaci, suka dawo a watan Mayun 1574. Abinci ya ƙare a cikin ganuwa, yunwa da annoba suka kashe dubban mutane. Da jagoran tawayen Holand, Wiliyam na Oranje, ya ga ba shi da rundunar da za ta fasa ƙawanyar ta ƙasa, sai ya sa aka farfasa jingar da ke tare ruwa, aka bar gonakin mutane suka nutse da gangan, don jiragen ruwa su bi ta kan gonakin su isa garin. Ruwan ya daɗe bai kai yadda ake so ba, sai a farkon Oktoba iska ta juya ta turo shi. Sifaniyawa suka tsere cikin dare. Ranar 3 ga wata jiragen suka shigo da kifi da burodi. Ana cewa tukwicin wannan juriya ne jami'ar da aka kafa a garin a 1575, wadda ita ce mafi tsufa a ƙasar.

Ya ba mu labarin da daɗin baki, har da hotuna. Ga ƙofofin gari biyu da suka rage cikin takwas, an gyara su tsaf. Ga kasuwar Laraba da Asabar a bakin ruwa. Ga gidan tarihin da ake kira Lakenhal, wanda aka gina a 1640 don duba ingancin yadin ulu kafin a buga masa hatimi a fitar da shi kasuwannin duniya, aka mai da shi gidan tarihi a 1874. A ciki har da wata tukunyar ƙarfe da ake cewa Sifaniyawa ne suka gudu suka bar ta da abinci a ciki. Da ya gama sai ya juyo da tambayar kanmu: to, idan na zo garinku, me za ku nuna mini?

Muka yi shiru. Ɗayanmu ya ce kasuwar kifi, muka yi dariya, aka koma maganar aiki. Amma tambayar ta zauna mana a rai, domin duk abin da ya lissafa muna da irinsa. Garinmu ma a bakin kogi yake, da ganuwa, da ƙofofi, da kifi, da ranar da abokan gaba suka tsaya a bakin ƙofa. Abin da muka kasa shi ne jera labarin daki-daki kamar yadda ya jera nasa. Don haka da hutu ya zo muka hau mota ta Gujungu, muka tafi gida da niyyar mu zaga garin kamar baƙi.

Mun fara da suna, tunda shi baƙo kan fara tambaya. Abin da aka gaya mana tun muna yara shi ne wani maharbi ne mai suna Haɗe, da aka ce daga Macina ya fito, ya zauna a wurin da matarsa Jiya, sai aka haɗa sunayensu. Labarin baka ne, kuma kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da maharbinsa. Abin da ya fi ƙarfi a tarihi shi ne kafin jihadi babu wata babbar masarauta guda a nan. Ƙananan sarautu ne guda bakwai: Auyo, Haɗeja, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. A cikinsu ma Auyo ce ake ɗauka babba, ba Haɗeja ba. Auyokawa suna da harshensu na kansu, ɗan'uwan harsunan Shira da Tashena, kuma duka ukun sun mutu, Hausa ta haɗiye su. Wannan shi ne abu na farko da ba za mu iya nuna wa baƙonmu ba. Ba wanda ya rage da zai gaishe shi da Auyokanci.

Haɗejar da muka sani aikin Sambo ce. Lokacin da labarin Shehu Usmanu ya iso, shugaban Fulanin yankin, Umaru, ya tura ƙanensa Sambo ya karɓo tuta a wajen 1805. Umaru bai daɗe ba, ɗansa Mamman Kankiya ma haka, sai sarauta ta dawo hannun Sambo a 1808. Shi ne ya baro Rinde ya shigo cikin birni, ya faɗaɗa ganuwa, ya mai da garin cibiyar sabuwar masarauta da ta haɗe tsofaffin sarautun nan bakwai. Ya yi mulki har 1845. Duk sarakunan da suka biyo baya, har zuwa Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje da ya hau a 2002, daga tsatsonsa suke.

Muka bi sawun ganuwar da ƙafa, wayoyinmu a hannu, muna sa alama a taswira duk inda muka ga ragowarta. Sunayen ƙofofi na nan daram a bakin mutane. Ka ce wa ɗan acaɓa Ƙofar Arewa ko Ƙofar Mandara, ba zai tambaye ka ina ne ba. Amma tsakanin ƙofa da ƙofa labari ya sha bamban. Wani wurin tudu ne da awaki ke hawa, wani wurin gida ne ya zauna a kai, wani wurin kuma sai wani dattijo ya nuna maka da sanda ya ce, “Nan ta bi, samari, da idona na gan ta.” Ganuwar ƙasa ba ta tsayuwa da kanta. A da, bayan kowace damina ana fitar da gayya a yi mata yaɓe, kowace unguwa da rabonta. Ranar da aka daina tsoron mahara aka daina yaɓen, ruwan sama da masu ɗibar ƙasar gini suka ƙarasa sauran. Ba mu ga wanda za mu zarga ba, don ɗakin kakar ɗayanmu ma ba mu da tabbacin ba da ƙasar ganuwa aka ɗora shi ba. Su mutanen Laidin su ma sun rushe mafi yawan tasu a ƙarni na 19, da hannunsu, don gari ya samu sarari. Ƙofofi biyu kawai suka bari, amma waɗannan biyun sun riƙe su da kyau.

Wanda ya sa ganuwar nan ta yi suna shi ne Buhari ɗan Sambo, kuma a kansa muka fi daɗewa muna gardama a cikin mota. Bayan Sambo ya sauka, 'ya'yansa biyu, Garko da Abdulƙadir, sun yi sarauta gajeriya suka rasu. Buhari ya hau a 1848. Bai jima ba ya sa aka kashe Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwansa, wanda yake ganin zai iya zame masa kishiya. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tura Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo, aka tuɓe Buhari a 1850, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. A tsarin daular Sakkwato nan maganar ta kan ƙare: wanda aka tuɓe ya tattara ya tafi inda aka ajiye shi. Buhari ya fita da mutanensa, ya sake shiri, ya dawo a 1851 ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya ratsa ta Gumel a watan Maris na wannan shekara a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, kuma ya rubuta irin fargabar da sunan Buhari ya jefa matafiya a ciki.

Sakkwato ta haɗa runduna daga masarautu da dama, Kano na gaba-gaba, aka nufo Haɗeja. A Kaffur, kudu da gari, Buhari ya tarwatsa su. Wannan shi ne Gamon Kaffur da maroƙa ke ambata har gobe. Daga nan ya shekara goma yana mulki ba ya karɓar umarnin kowa, yana kai hari gabashin ƙasar Kano da ƙasar Katagum, har ya ci Marma ya haɗe ta da ƙasarsa. Ya rasu a 1863 a yaƙin da ya kai wa Badawa a Gogaram, bayansa Haɗeja ta koma ƙarƙashin Sakkwato.

Mu da muka tashi a Haɗeja mun san Buhari a matsayin namijin da ya ƙi sunkuyawa. Amma ɗayanmu mahaifiyarsa mutuniyar wajen Miga ce, kuma Buharin da aka ba ta labari a ɗakin kakarta wani ne daban: mai ƙona ƙauyuka, mai kwashe mata da yara a kai kasuwa. Duka biyun gaskiya ne. Harin wancan zamani bayi yake kawowa, kuma da bayin ake sayen dawakin da za a kai hari na gaba. Idan wata rana aka ware wa Buhari ɗaki a gidan tarihi, mu dai ra'ayinmu shi ne a sa kirarinsa a bango ɗaya, a sa sunayen garuruwan da ya ci a bangon da ke kallonsa. Baƙon da aka nuna wa kirari kaɗai, ranar da ya je Miga ko Katagum zai gane an ɓoye masa rabi.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Shi ma abokin namu, da yake lissafa gidajen tarihin garinsu, bai fara da gidan kayan al'adun duniya da aka kafa a 1837 ba, sai da muka tambaya. A nan ne aka daɗe ana ajiye da kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka wawushe a 1897 aka sayar a Turai. A 2025 Holand ta mayar wa Nijeriya guda 119, kuma 113 daga cikinsu a Laidin suke zaune. Wato gari mai gidajen tarihi masu kyau ma yana da ɗakin da yake jin nauyin buɗewa.

Sai ranar tamu. Kano ta faɗi a hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli. Haɗeja ba a yaƙe ta ba a lokacin. Sarki Muhammadu ɗan Haru, wanda ke kan gado tun 1885, ya karɓi Turawa da baki, amma kowa ya san zaman doya da manja ake yi. Gari ne da bai saba a ci shi ba, cike da mayaƙan da suka gaji sunan iyayensu daga zamanin Buhari. Turawa suka kafa bariki a bayan gari, jami'insu Kyaftin Filibus, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi, yana aika saƙo ana amsa masa da abin da aka ga dama.

Abin da ya ƙarasa lamarin daga nesa ya zo. A Fabrairun 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku da sojojinsu da dama. A watan Maris aka shafe ƙauyen daga doron ƙasa. Gwamna Lugga, wanda ya tsorata ƙwarai da abin da ya faru, ya ƙudura cewa ba zai bar wani gari mai ganuwa da ke ɗaga kai ba. Ya tura runduna ƙarƙashin Kanar Lowry-Cole da igwa da bindigogi masu ruwa. Ranar 25 ga Afrilu 1906 suka tsaya a bakin Haɗeja suka aika da sharuɗɗa. Rahoton Turawa ya ce an mari ɗan aiken. Mahayan Haɗeja suka fito suka yi sukuwa kan bindiga, aka zubar da su, faɗa ya koma cikin gari, lungu-lungu, na tsawon sa'o'i, har ya ƙare a fada. A nan Sarki Muhammadu ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da manyan bayinsa da hakimansa. Shi ya sa ba a kiransa da wani suna sai Mai Shahada. Turawa suka naɗa ɗansa Haruna. Mai Tumbi kuwa bai ci ribar nasarar ba, a cikin shekarar ya mutu, kuma kabarinsa yana nan Haɗeja.

Mun tsaya a ƙofar fada da yamma muna ƙoƙarin hango yadda ranar ta kasance. Yara na ƙwallo, mai rake na yanka, wani na gyaran babur. Da muka koma gida muka tambayi ƙannenmu. Duk sun san Mai Shahada, wasu har da sunayen jaruman da suka faɗi tare da shi, kamar yadda suka ji a bakin maroƙa. Ba wanda ya kawo ranar ko watan. Ba mu yi musu dariya ba, don mu ma sai da muka duba. Muna da Hawan Bariki da Sallah, wanda asalinsa zuwa gaida Baturen mulki ne, kuma ba yaron da zai manta da ranarsa, saboda akwai dawaki da algaita da sabon ɗinki. Abin da aka haɗa da biki shi yake zama. Mutanen Laidin sun gane haka, suka ɗaura tarihinsu a jikin kifi da burodi. Sai dai kada mu yi wa kanmu rashin adalci: su ranar tsira suke tunawa, mu tamu ranar makoki ce, ba a yi mata kiɗa. Abin da ya dace da ita addu'a ce da karatu, da malamin makaranta da zai fito da ɗalibansa ya zaga da su inda abin ya faru.

Bayan 1906 garin ya yi sanyi. Da aka ja layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya isa can a 1930, bai bi ta Haɗeja ba, ta Malam Madori ya bi, kuma can kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa kantunansu. Haɗeja ta zauna a lardin Kano, sannan jihar Kano, har aka ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, hedikwata ta tafi Dutse.

Abin da bai bar garin ba shi ne kogi, kuma kasuwa ce shaidarsa. Wanda ya ce a kai baƙo kasuwar kifi da wasa ya faɗa, amma da muka shiga da idon baƙi muka ga ya fi mu gaskiya. Tun daga nesa hayaƙin banda zai tare ka. Ga tarwaɗa an naɗe ta an jera, ga karfasa, ga kurungu, ga gaiwa, ana cika kwalaye ana ɗaurewa ana loda wa manyan motoci masu tafiya kudu. Har da busassun kwaɗi, waɗanda mu ba ma ci amma muna sayarwa, kuma masu saye ba sa wasa da su. Dillali zai ɗaga kifi ɗaya ya gaya maka ruwan da ya fito. Wannan ilimi ne da ba a rubuta ba, kuma ba ƙaramin ilimi ba ne.

A layin 'yan atamfa kuma muka ci karo da Holand da kanta. Duk wanda ya taɓa haɗa lefe ya san abin da ake nufi idan dangin amarya suka tambaya ko akwai 'yar Holand a akwati. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, ya yi ta kwaikwayon rinin batik na tsibirin Jawa da injin, don ya sayar wa mutanen can da Holand ke mulka. Su ba su karɓe shi sosai ba, Afirka ta Yamma ta karɓa, har ya zama abin da iyayenmu mata ke auna darajar biki da shi. Mun ɗauki hoton wani turmi muka tura wa abokinmu. Ya ce bai taɓa ganin mace a garinsu ta ɗaura irinsa ba.

Hannun Holand a rayuwarmu bai tsaya a akwatin lefe ba, ya kai har cikin ruwan. Kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. Yana wuce Wudil da Ringim, idan ya iso wajenmu sai ƙasa ta baje, tsofaffin tuddan yashi su raba shi rassa-rassa. Wani reshe ya bi ta Marma zuwa tafkin Nguru, sauran su lallaɓa su haɗu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa, a samu kogin Yobe mai zuwa tafkin Cadi. A da, kowace damina ruwa kan malale fadama, ya zauna wata da watanni, ya janye. Manomi ya shuka shinkafa a kan zuwansa, ya shuka wake da sauran kayan rani a kan danshin da ya bari, masunci ya bi kifi da koma da gora, Bafulatani ya sauko da shanu idan ciyawa ta fito. Gona ɗaya, mutum uku, kowa da lokacinsa.

A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 ta Challawa. Babban aikin noman rani na Kadawa da Tiga ke shayarwa, injiniyoyin Holand na kamfanin NEDECO ne suka yi nazarinsa da tsara shi a shekarun 1970. Sun zo da ƙwarewar ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ke ƙasa da teku, inda duk hikimar ita ce a hana ruwa zuwa inda ya ga dama. Kura da Bunkure da Garun Malam sun amfana, ba mai musun wannan, tumatir da shinkafar da ake ci a Kano shaida ne. Amma mu da ke ƙasa, rayuwarmu a kan ruwan da ke zuwa inda ya ga dama aka gina ta. Faɗin da ambaliya ke rufewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya koma ƙasa da rabin haka a farkon shekarun 1990, madatsu da fari suka haɗu a kansa. A wannan lokacin ne masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafin abin da fadamar ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka nuna cewa kowace mitar ruwa ta fi kawo amfani idan aka bar ta ta iso fadama fiye da idan aka tare ta a sama.

Sannan ga kacala. Da, kogin kan ƙafe da rani, duk ciyawar da ke cikinsa ta mutu. Yanzu ana sako ruwa daga madatsu duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, kacala ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Da hanyoyin suka toshe, sai ruwan ya rasa inda zai bi, wani gari ya nutse, na gaba da shi yana kukan ƙishi. Wanda ya ga daminar 2020 da ta 2022 ya san sauran. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo bayan shekaru arba'in ana jira, kuma manoman da suka samu fili a ciki suna godiya. Na ƙasa da su kuma suna lissafin abin da zai rage musu.

A daminar 2022 biyu daga cikinmu suna gida. Sun kwana a kan jinga tare da ɗaruruwan matasa, ana cika buhuna da ƙasa ana miƙawa hannu da hannu, mata na aiko da abinci, masu hali na sayen buhu. Da muka ba abokinmu wannan labari sai ya ce ai haka tasu ta fara. Hukumar ruwa ta yankinsu, wadda tsohon gidanta ke tsakiyar Laidin, ta samu takardar izini tun 1255, kuma asalinta manoma ne da suka ga cewa jingar mutum ɗaya ba ta tare ruwa idan ta maƙwabcinsa ta karye. Har yau zaɓen shugabanninta ake yi, kuma tana karɓar harajinta na kanta. Mu gayyarmu tana tashi ne idan ruwa ya zo wuya, ta watse idan ya janye. Wannan bambancin ya fi na gidajen tarihi ci mana rai.

Mun ƙarasa zagayen a Baturiya, cikin ƙasar Kiri Kasamma, wadda aka sa a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, bayan tafkin Nguru da mashigar Marma da aka sa a 2000. Da sanyin safiya ruwan ya cika da dinya da kirinjijiya, da wasu ƙananan agwagin daji da 'yan tsuntsayen bakin ruwa da ke tsallako Sahara daga Turai duk shekara su yi hunturu a nan. Wasu daga cikin irinsu a makiyayan Holand ake ganinsu idan lokacin ɗumi ya yi can. Saboda su aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru a 1987, saboda su kuma mijin Sarauniyar Ingila ya zo Dagona a 1989. Mu da aka haifa tafiyar awa ɗaya daga wurin, wannan ne zuwanmu na farko.

A sana'armu akwai ƙa'idar da ake koya wa sabon shiga tun ranar farko: bayanin da ke wuri ɗaya tak, a ɗauka ya riga ya ɓata. Rahotannin Turawa kan 1906 suna da kwafi a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da ta Landan, ba abin da zai same su. Abin da ke wuri ɗaya shi ne namu ɓangaren: kan dattijon nan mai sanda, kan makaɗan fada, kan tsohuwar da ta san wace ƙofa kakanta ya fita bai dawo ba. Don haka kafin mu koma Kano muka sake neman dattijon. Muka ce, “Baba, so muke ka sake bi da mu, wannan karon mu ɗauki muryarka.” Ya dube mu ya ce, “Ku da kuka yi boko, me za ku yi da surutun tsoho?” Amma ya ɗauki sandarsa. Mun samu awa biyu da minti goma na magana, da alama 64 a taswira, kowace da abin da ya faɗa a kanta. Mun ajiye a wuri uku. Ya kuma ba mu sunayen mutum biyu da ya ce sun fi shi sani, ɗaya a cikin gari, ɗaya a Auyo, ya ce mu yi sauri da na Auyon don ba shi da lafiya.

Abokinmu ya tambaya wane wata ya fi dacewa ya zo. Mun ce masa Disamba ko Janairu, lokacin ruwa ya janye, hanya ta bushe, tsuntsaye sun sauka, banda ta cika kasuwa. Ya ce zai duba hutunsa. Mu kuma ranar Juma'a mai zuwa za mu Auyo.